Fedal Ɗin da Ƙungiya Ta Gyara Mini

Zuwa ga Alhaji Lawal,
Shugaban Ƙungiyar Makaɗan Biki da Masu Kayan Sauti ta Dutsin-Ma da Kurfi,
tare da 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya jikin Inna? Na ji an ce ƙafar ta sake matsa mata. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ina gaida 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka daina amsa gaisuwata.

Kai ka san ni, amma tunda takardar a buɗe take, wasu ma za su karanta, bari in faɗi ko ni wane ne. Sunana Hamisu, ana ce mini Hamisu Mai-Jita. A Wurma aka haife ni, a Dutsin-Ma nake zaune da iyalina. Da damina ina gona, da rani ina gidajen biki da jita. Shekara talatin ke nan da 'yan kai ina wannan sana'a, kuma ina cikin mutum bakwai da suka zauna a kan tabarma ɗaya aka kafa ƙungiyar nan. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan takarda ba. Yau ma ba don ina so ba ne. Na zo gidanka sau uku, a na ukun ka ce in ina da magana in sa a rubuce. To, ga shi na sa.

Abin da nake nema ƙarami ne, ko tafin hannu ba zai cika ba. Ƙwayoyi biyu ne na ƙarfe, kowace kamar ƙwayar wake, da aka cire daga cikin fedal ɗina lokacin da ƙungiya ta kai shi gyara ba da sanina ba. Ina so a dawo mini da su, ko a faɗa mini wurin wanda suke in je da ƙafata. Buƙatar ke nan gaba ɗaya. Sauran abin da ke ƙasa bayani ne, don na lura har yanzu ba a gane abin da aka yi mini ba.

Na ɗaya, abin da ake magana a kansa.

Ga wanda ba makaɗi ba, fedal ƙaramin akwati ne na ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da sifika. Waya ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗaya gefen. In mai jita ya taka shi da ƙafa, sai muryar jita ta sauya. Iri-iri ne, wani yana sa amsa-kuwwa, wani yana sa sauti ya riƙa rawa. Nawa aiki ɗaya ya iya. Yana sa jita ta yi kauri ta dushe, ta koma kusa da kukan goge. In na rage murɗin ƙarar jita da ɗan ƙaramin yatsana sai muryar ta washe tas, in na ƙara sai ta yi gurnani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bikin da na yi kiɗa, daga Shema har Ɗantutture, wannan muryar ya ji, ko da bai san daga inda take fitowa ba.

Ba ni na saye shi ba. Na maigidana ne a kiɗa, marigayi Malam Ɗan'azumi na Kurfi, Allah ya jiƙansa. A Maraɗi ya samo shi, tun lokacin ma tsoho ne. Kai ma ka san labarin, Alhaji, don a gabanka ya sha ba da shi. Ƙwayoyin asali, waɗanda masu gyara ke kira taransista, sun mutu, sai ya je ya tare a rumfar wani mai gyaran rediyo, suna farke matattun rediyoyi irin na da, suna cirowa suna gwadawa biyu-biyu. Sai da kasuwa ta ci sau uku yana can kafin kunnensa ya yarda da wasu guda biyu, kuma ba daga rediyo ɗaya ma suka fito ba. Shi ya sa in aka ce mini a je Kano a sayo irinsu nake rasa abin cewa. Irinsu a suna ana iya samu. Amma waɗannan biyun mutum ne ya zauna ya zaɓe su, kuma mutumin yana ƙasa.

Da hannunsa ya fara rawa, ya aika aka kira ni, ya miƙo mini shi a cikin wata tsohuwar hula. Bai yi dogon jawabi ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "Kar ka bari shi sha rana." Shekara goma sha tara ke nan, kuma ban bari ba.

Na biyu, maganar randa.

Irin waɗannan tsofaffin ƙwayoyi ba sa son zafi. In suka ɗumama sai muryar ta saki, ta zama kamar tuwon da aka cika wa ruwa. Saboda haka a gidana mazaunin fedal shi ne gindin randa, a kan yashin nan mai sanyi. In za mu biki sai in naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi in sa a jaka. In mun isa, kafin in gaida uban ango inuwa nake nema. Tun da hanya ta zama abin da ta zama, aka mai da biki na rana a watse kafin magariba, aikin ya ƙaru mini, don duk kiɗanmu yanzu a tsakiyar zafi muke yinsa. Na sha tura saƙo cikin gida a roƙar mini matan biki su ba ni aron gefen randarsu na awa ɗaya.

Na san ana yi mini dariya, ni ma ina tayawa. Malam Nasiru, ma'ajin kayan ƙungiya, shi ya sa wa fedal ɗin suna Amarya. Da mota ta tsaya sai ya ce, "A ba da hanya, a shiga da Amarya ɗaki kar ta yi baƙi." Shekara da shekaru muna wannan raha, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai mai ɗaukar abin a matsayin ciwo da ke neman magani ba. In ina da laifi a wannan magana, to ga shi: ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, na ɗauka tunda makaɗa ne kun gane.

Na uku, abin da aka yi a bayana.

Lokacin girbin gero na tafi Wurma, na yi kwana goma sha biyu. A cikin kwanakin nan Malam Nasiru ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ce wa matata Rabi Alhaji ne ya aiko a ba da Amarya, akwai wani alheri da ƙungiya ke shirya mini, kuma don Allah kada ta faɗa mini. Wace mace ce a garin nan za ta ce wa saƙon Alhaji a'a? Ta ɗauko da hannunta ta miƙa. Da na dawo na duba gindin randa ban gani ba, ta ce in kwantar da hankalina, yana hannu mai kyau. Na so in matsa mata, sai na ga tana murmushi, na bari.

Ranar taron karramawa kun kira ni gaban jama'a, kuka yi mini kirarin da ban kai ba, aka ba ni shadda da hula. Wannan na gode har gobe. Sannan aka kawo wani kwali a naɗe da takarda mai ƙyalli, aka ce in buɗe. Na buɗe. An fesa wa fedal koren fenti irin na mota, an shafe duk ƙwarzanen da ke jikinsa, har gurbin da babban yatsan ƙafar Malam Ɗan'azumi ya cinye a gefen maɓalli. An huda masa gefe an sa ramin caja. A sama kuma an rubuta "Alhaji Hamisu" da ruwan zinari, ni da ko Kano ba na zuwa sai da dalili.

Ka karɓi makirufo ka yi magana, har yanzu ina jin muryarka: "Daga yau Malam Hamisu ya huta da neman randa. An hidda masu cutar an sa sabbi. Ko bisa kwalta ya aje shi, ba ruwanshi da rana." Aka yi tafi, ni ma na yi. Na karɓi makirufo na yi godiya na yi addu'a, don mutum ba ya ɓata fuska a gaban jama'ar da ta taru dominsa. Amma tun da na ji an ce an fitar da wani abu, ban san me na ci a wurin ba.

Na huɗu, yadda ya koma.

Asabar ɗin da ta biyo baya muna da biki a Shema. Na haɗa waya na taka. Ƙara ta fito, ƙara mai yawa ma, ta fi ta da. Amma tsawa ce kawai, siririya mai kaifi, irin wadda ke sa yara toshe kunne. Na rage murɗin jita ina jiran ta washe, sai ta ƙanƙance kawai tana nan da kaifinta. Na kaɗa waƙa biyu na zare shi, na ƙarasa bikin da jita tsura. Ba zan yi ƙarya ba, ba wanda ya fasa rawa, uban ango ya sallame mu da fara'a. Mutum ɗaya ne ya zo ya same ni ina naɗe waya, wani dattijo mai tallar goro da ban san sunansa ba. Ya ce, "Malam, yau jitar taka ba ta da lahiya ne?" Na ce masa mura take yi.

Da na koma gida na kwance murfin na duba. Aiki ne mai tsabta, wallahi, duk wanda ya yi shi ya san hannunsa. Ya goge tsohuwar dalma ya sa sabuwa, ya cire ƙwayoyin Malam ya sa baƙaƙe irin na zamani waɗanda zafi bai dame su ba. An ce masa abu ba ya jure rana, shi kuma ya yi maganin rana. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kuma ina so duk mai karanta wannan takarda ya riƙe haka.

Wani abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, duk shekara lokacin sanyi nake jira. A watannin nan ne fedal ɗin ke fitar da muryarsa ta ainihi ba tare da na yi masa hidimar komai ba, kuma a watannin ne biki ke yawa bayan an kai amfani gida. Sanyin bana ya zo ya wuce, shi yana kan kanta da koren fentinsa.

Na biyar, zuwana gidanka.

A zuwan farko ka ba ni ruwa da goro, ka ce in yi haƙuri, alheri aka nufa. Na ce na sani. A na biyu na roƙe ka ka faɗa mini wurin mai gyaran, don kai da kanka ka kai shi Katsina a motarka, Malam Nasiru ya rantse mini bai san ko unguwar ba. Amsarka ita ce: "Mutumin nan alfarma ya yi man, ko sisi bai amsa ba. In ka tahi kana tonon gwangwaninshi kana neman tarkace, mi za ya ɗauke ni?" Na fahimci wannan, Alhaji. Ni ma mai kunya ne, kunyar ce ta sa na yi tafi ranar taro. Amma kunyarka ta yini ɗaya ce, kuma zan iya ɗauke maka ita, in ce masa ni ne mai rigimar, tsufa ne ya fara taɓa ni. A zuwa na uku ko zama ban yi ba, a tsaye a zaure ka ce in rubuta.

Ka san yadda masu gyara suke. Kowanne yana da gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, duk abin da ya cire nan yake jefawa. Ba ya zubarwa nan take, ba ya kuma ajiyewa har abada. Ranar da gwangwani ya cika, ko ranar da 'yan gwangwan suka biyo da buhu da ma'auni, shi ke nan an juye. Yau muna cikin wata na biyar. Duk lokacin da mai jari-bola ya wuce ta layinmu yana kiran a kawo ƙarfe, sai in tuna gwangwanin nan.

Na shida, tayin da kwamiti ya yi mini, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Watan jiya kun aiko Malam Nasiru da tayi biyu, in zaɓi ɗaya a rufe magana. Ko a saya mini sababbi guda uku irin masu arahar nan da suka cika kasuwa, ko a haɗa hannu a sayo mini guda ɗaya irin waɗanda ake ƙerawa yau a kan tsarin na da. Na gode da tayin. Don kada a ce na ƙi abin da ban sani ba, sai da na gwada duka biyun. Kabiru, mai jitar nan na Kurfi da ke zuwa kiɗa har Abuja, yana da kowanne, ya ba ni aronsu na kwana goma.

Mai arahar, Kabiru ya ce naira dubu talatin da 'yan kai ya saye shi. Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini hujja: abin yana aiki. Na yi biki biyu da shi. A filin biki, janareto na ruri, sifika na tsagewa, mata na guɗa, ba mai rawar da zai bambance shi da nawa. Ba ya neman inuwa, ba ya neman tsumma. Duk wanda ya fara jita yau ya zo ya tambaye ni wanne zai saya, shi zan nuna masa, in ce ragowar kuɗin ya sayi waya mai kyau da tsirkiya, don rabin ƙarar banzan da muke sha a biki daga ruɓaɓɓiyar waya take. Aibinsa biyu ne. Jikinsa roba ce da siririn gwangwani, maɓallin ba zai ga damina uku a ƙarƙashin ƙafar mutum irina ba, in ya mutu kuma ba gyara, sai dai a yar a sayi wani. Na biyu, ba ya sauraron hannu. Ka daki tsirkiya da ƙarfi, ka shafa ta a hankali, amsa ɗaya zai ba ka. Mai rawa bai damu ba. Mai kaɗawa ne kawai ke jin kamar yana hira da wanda ya riga ya shirya amsarsa tun daga gida.

Mai tsadar kuwa kuɗinsa ya haura dubu ɗari uku, kuɗin ragon layya na mai hali. Ƙarfe ne na gaske, da hannu aka yi masa dalma, aka sa masa ƙwayoyi irin na da. Shi ma ba ya son rana, a cikin kular abinci Kabiru ke yawo da shi, kuma ban ji wanda ya sa masa suna ba. Yana sauraron hannu. Ya matso kusa da nawa, kusa ƙwarai, har ranar farko sai da na ajiye jita na fita tsakar gida na ɗan tsaya. Amma ya ninka mai arahar sau goma a kuɗi, bai ninka shi sau goma a murya ba. In na yi adalci, bambancin na mutum ɗaya ne, wanda ke riƙe da jitar, sai kuma dattijo ɗaya ko biyu a cikin taro. Mai hali da zai saya wa kansa da kuɗinsa, Allah ya sa albarka, ba asara ya yi ba, don zai iya barin shi gado. Amma ƙungiyar da sifikunta biyu ke tari, motarta sai an tura, ban yarda ta kashe wannan kuɗi da sunana ba.

Abin da ya ba ni dariya, irin dariyar gajiya, shi ne da na juya mai tsadar sai na ga fentinsa a ƙwarzane, gefunansa a cinye. Na ce wa Kabiru ashe na hannu ya saya. Ya ce a'a, sabo ne fil, a can inda ake ƙera shi suke ƙwarzane shi da gangan don ya yi kama da tsoho, kuma wanda aka ƙwarzane ya fi mai santsi tsada. Wato can ana biyan ma'aikaci ya yi wa sabo tabon ƙarya, mu nan mun samu mai tabon gaskiya mun ɗauka mun kai an shafe. Ban faɗi wannan don fentin ya dame ni ba. Fenti ku bar shi yadda yake, har da Alhajin, wataƙila addu'a ce.

Saboda haka ga amsata ga kwamiti: ba na son ukun, ba na son ɗayan. Mai araha na riga na sayi nawa, da shi nake fita aiki, iyalina ba su kwana da yunwa ba. Ba abin aiki na rasa ba, kuma wannan ne abin da na kasa sa ku ji.

Na bakwai, sunan da aka sa mini.

Tun da maganar ta fita, a zauren ƙungiya na waya an kira ni butulu. Wani ya rubuta cewa an yi wa tsoho gata yana kukan tsatsa. Wani ya ce ƙila laya ce aka cire a ciki shi ya sa na rikice. Ga mai wannan magana, ni ɗan malamai ne. Mahaifina har ya koma ga Allah bai daina yi mini addu'ar in bar jita ba. Da na ƙara da laya a fedal, da na haɗa masa baƙin ciki biyu.

Na san alheri kuka nufa, kuma shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Da ɓarawo ne ya ɗauke, da na yi Innalillahi kowa ya taya ni jaje an wuce wurin. Amma abokaina ne suka zauna suka yi shawara, suka ɓoye mini don su faranta mini, kuma cikin mutum tara na kwamiti, duka makaɗa, ba wanda ya ce a tambayi mai abu. Kai harkar ganga ka sani, Alhaji. Da wani ya ɗauki kalangunka ya ga fatar ta yi baƙi ya kai aka sauya ta da sabuwa fara ƙal, ya naɗo maka a takarda mai ƙyalli, na san godiya za ka yi a gaban mutane. Na kuma san abin da za ka ji in ka koma gida.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa ba. Rabi in ta zo ɗiban ruwa ba ta kallon gindin randa. Na faɗa mata ba adadi cewa ba laifinta ba ne, ta ce ta ji, amma ranar nan na same ta tana tambayar matar Malam Nasiru ko mijinta ya taɓa ambaton wata unguwa a Katsina. Matar da ba ta taɓa sa baki a harkar kiɗana ba, yau ita ke bincike a ɓoye. Wannan ya fi kalmar butulu yi mini ciwo.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Na farko, ka faɗa mini sunan mai gyaran da inda rumfarsa take. In kunya ta hana, ka rubuta a takarda ka ba Malam Nasiru, ba sai mun haɗa ido ba. Na yi alkawari a gaban duk mai karanta wannan takarda cewa zan je masa da goro da godiya, ba zan ambaci kuskure ba, ba zan ambaci ƙungiya da sharri ba.

Na biyu, in wannan ma ya yi maka nauyi, ka buga masa waya yau, kalma ɗaya kawai, ka ce kada ya sayar da gwangwanin. Sauran magana ta jira.

Na uku, kwamiti ya rubuta a dokokin ƙungiya cewa ba a kai kayan kiɗan mutum gyara sai da bakinsa, ko da don a karrama shi ne. Akwai masu tsofaffin kaya a cikinmu ba ni kaɗai ba, kuma na ji an fara maganar wanda za a karrama baɗi.

Dalilin gaggawar zan faɗa, ko da ba na son faɗarsa. In Allah ya sa gwangwanin na nan, ƙwayoyina ba su kaɗai ba ne a ciki, za a samu masu kama da su, kuma rubutun jikinsu ya daɗe da gogewa. Hanya ɗaya ce ta gane su, a dasa a kaɗa in saurara. Ba ni da kaset ɗin muryar, hotunan bidiyon bikin da ke wayoyin mutane kuwa janareto da guɗa ne kawai a ciki. A kaina kaɗai take. Shekaranjiya bayan la'asar na zauna a ƙofar gida na ce bari in tuno ta, yadda mutum ke tuno muryar wanda ya rasu. Na daɗe ina nema. Abin da ya zo mini muryar mai arahar nan ce da nake fita aiki da shi. Sai da na yi da gaske kafin ta da ta dawo, ita ma ban tabbata duka ta dawo ba. Kunnena ya fara sabawa, Alhaji, kuma ban san yadda ake hana shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunka a shugabancin nan, ya raya maka zuri'a, ya kiyaye mu a hanyoyin da muke bi neman abinci. Allah ya jiƙan Malam Ɗan'azumi da iyayenmu. In na yi maka kaushi a wani wuri ka yafe mini, gajiya ce. Ka dai yi sauri don Allah, don in aka ƙara wasu watanni, ko ka kawo mini su a tafin hannunka ba zan iya ce maka su ne ba.

Wassalam.

Ɗan'uwanka a sana'a,
Hamisu Mai-Jita,
Dutsin-Ma.